Ɗinkin Kushin a Jikin Jif

Jif ɗin ta girmi auren Mai Kushin, ta girmi duk yaran gidan, amma har yau ita ke ciyar da su. Kullum da safe maigidanta, wanda unguwa ke kira Direba, yakan kwashi masu fasa dutse ya hau tsauni da su, ta hanyar da ƙananan motoci ko a mafarki ba sa bi. Da yamma ya sauko da su. Ita kuwa tana shagonta na ƙofar gida tana ɗinka rigunan kujeru, da ta ji rurin injin daga kwana sai ta aika a ɗora ruwan wanka.

Abin da ya so ya raba su da motar, in aka gaya maka sai ka yi dariya. A saman kowace taya akwai madigadi na baƙar roba mai tare laka. Tsakanin madigadin da jikin motar akwai wata siririyar roba da kamfani ya sa, ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba. Rana ta gasa ta, ta tsattsage, ta zube guntu-guntu a hanya. Daga nan yashi da ruwa suka sami ƙofa. Mota na girgiza, madigadi na goga yashi a fenti, fenti ya tafi, tsatsa ta shimfiɗa tabarma ta zauna.

Mai walda ya yanke inda ya ruɓe, ya yi faci, ya goge hannu a wandonsa ya ce, "Direba, wannan ne na ƙarshe. In ruwa ya sake kwana a nan, babu ƙarfen da zan kama."

Direba ya je wurin masu kayan mota. Suka ce robar ba a sayar da ita ita kaɗai, sai da madigadi huɗu sababbi, kuma sai an yi oda. Da ya ji kuɗin bai ko taya ba, ya gode musu ya fito. Ya yanka tsohon tiyub ya cusa, kafin ya kai tsauni ya zamo yana reto kamar harshen kare. Ya cika wurin da gam, gam ɗin ya riƙe ruwa a ciki maimakon ya hana shi shiga, sai da aka kankare shi da wuƙa.

Ana cikin haka Yaya ta zo. Yayar Direba ce, motar kuma ta mahaifinsu ce, don haka tana da kasonta da bakinta a ciki. Yaya ba muguwa ba ce, sai dai in ta yanke magana ko alƙali sai ya lallaɓa.

"A sayar da ita tun tana da daraja," ta ce. "Na yi maka magana da Alhaji mai tirela, yana neman direba mai hankali. Ka yi tafiyarka ta makonni, ka dawo da abin kirki."

"Yaya, a bari damina ta faɗi mu gani," in ji Direba.

"Na bari. Da an yi ruwa mai ƙarfi za mu je gun mai walda ya kwance madigadin. In na ga jiƙa, shi ke nan."

Mai Kushin tana ɗaki tana jin su. Ba motar ce ta dame ta ba. Ta san matan direbobin tirela, ta ɗinka musu kujeru, ta ga yadda suke ajiye waya kusa da matashi. Ba ta son yaranta su riƙa ganin ubansu kamar baƙo, ita ma ba ta son cin abincin dare ita kaɗai. Tsoro ne ya kama ta, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

Washegari kafin ya fita ta tsuguna gaban taya, ta bi tsagin da yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sai ta ga ai ta san wannan tsagin. Shi ne dai wanda ke tsakanin mazaunin kujera da gefenta, inda take naɗe igiya cikin leda ta ɗinke, kan igiyar ya rufe baki, leɓen ledar ya shige ciki.

"Maigida, ka bar mini madigadin nan ranar hutunka."

"Za ki yi mata riga ne?" ya ce yana dariya.

"Har da matashi, in ta yi biyayya."

Ranar hutu ta yanko ragowar tamfol ɗin da ta taɓa yi wa wata babbar mota rumfa da shi, ta naɗe igiya a ciki, ta zauna kan keke. Kafin azahar ta gama huɗu. Suka ɗaura, suka ɗaure kusoshi, baƙin layi ya kwanta sumul a bakin kowane madigadi. Direba ya jawo tiyo ya yi ta feshi, ruwa na gangarewa ta waje. Ranar Mai Kushin ko ƙasa ba ta takawa sosai.

Da safe ta danna ƙarshen ɗinkin da babban yatsa, sai ruwa ya tsatso. Ta sake dannawa can tsakiya, ya sake fitowa. Igiyar auduga ta sa. Tun tana budurwa da ita take ɗinkin kujeru, hannunta ya kai gare ta ba tare da ya nemi shawarar kai ba. Kujerar falo ba ta shiga kogi. Audugar ta sha ruwa ta ƙarshenta, ta ja shi har ɗaya ƙarshen, ta kumbura, ta kwanta da shi a jikin ƙarfe. Wato da hannunta ta ɗinka wa tsatsa katifa.

Direba ya dubi ruwan da ke tsatsowa. Ya tayar da mota ya tafi aiki. Ita ta tsaya a tsakar gida, kunya da haushin kanta sun cika ta, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ta ɗaga kai tana duban sama, idonta ya sauka kan igiyar shanya, shuɗiyar nan ta roba da ke shan ruwa da rana shekara da shekaru ba ta taɓa kumbura ba. Ta shiga shago ta ɗauko almakashi ta datse igiyar. Wankin yara ya zubo cikin baho, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Lafiya kuwa?" Ta ce mata lafiya lau, aiki ne ya taso.

Wannan karon ba ta yi gaggawa ba. Ta sa zaren nailan a keke. Ta tsattsaga leɓen tamfol ɗin ƙanana-ƙanana a inda zai lanƙwasa, yadda take yi wa kusurwar kushin don kada ya tattare. Ta ɗora wani tsohon madigadi da ke ajiye a gida ta yi alamar ramukan kusoshi da alli, ta huda. Ƙarshen kowace igiya ta kara shi a wutar kyandir ta matse har ya toshe. Sannan ta jefa duka huɗun cikin bokitin ruwa ta ɗora dutse, ta koma kan kujerun mutane.

Da Direba ya dawo ta ciro su ta miƙa masa. "Matsa da ƙarfinka."

Ya matsa, ya murɗa, ko ɗigo. Ya dube ta, ya ɗauko sifana ba tare da an ce masa ba.

Ruwan ya zo kamar da gayya, kwana da kwanaki ba sassauci. Ranar da ya ɗauke Yaya ta iso da mayafinta, ta ce ba za a kai mata labari ba, da ita za a hau tsaunin. Ta zauna gaba, Mai Kushin a baya. Direba ya bi ta cikin laka mai kama taya, ya ratsa rafin da ya cika har ruwa na bugun ƙofa. Yaya ta riƙe ƙarfen gabanta da hannu biyu tana salati, tana cewa ita dai ba ta yafe ba in aka kayar da ita. Daga can ba su tsaya ko'ina ba sai garejin mai walda.

Mai walda ya wanke lakar waje, ya kwance kusoshi, ya janye madigadin baya, wanda facinsa ya fi girma. Mai Kushin ta kasa dubawa, ta zuba wa takalmanta ido. Yaya ta tsuguna da ƙyar, ta zaro farin hankici, ta goga a jikin ƙarfen da ƙarfi kamar mai neman laifi. Ta ɗaga shi sama. Fari tas, a bushe.

"Kwance ɗaya gefen," ta ce.

Ya kwance. Ta goga. Ta sa ya kwance na gaba duka biyu, ta goga har hankicin ya ɗauki ɗan ƙurar fenti, amma ruwa babu. Mai walda ya juya ɗinkin a hannunsa yana tambaya wane shago aka samo shi. Direba ya nuna matarsa da sifana, bakinsa har kunne. Wasu direbobin jif biyu da ke jiran gyara suka matso, ɗaya ya riga ya fara auna madigadinsa da taƙin hannu.

Yaya ta miƙe tana dafa gwiwa, ta daɗe tana kallon Mai Kushin.

"Matar ƙanina, ashe haka kike son yaron nan?"

Mai Kushin ta gyaɗa kai. Daɗi ya cika ta har hawaye suka zubo, a gaban mai walda da baƙin maza, ba ta kuma damu ba.

Yaya ta laluba jaka ta ciro waya. Ta matsa gefe kaɗan, amma da yake ba ta iya magana a hankali ba, duk garejin ya ji ta.

"Alhaji, ka nemi wani direban. Namu yana kwana a gida."