Fiffiken Jirgin Yaya

Tun da Yaya ya kira ni ya ce ya yanki tikitin jirgi, na kasa zama wuri ɗaya. Shekara da shekaru yana ƙasar waje yana aikin walda, Mama ba ta ganinsa sai a fuskar waya, yau ga shi zai dawo! Ya ce, "Ke da Auta kaɗai kuka sani. Kada Mama ta ji sai ta gan ni tsaye a falo."

Na ce, "Yaya, Auta ka gaya wa? Ai ka gaya wa duniya."

Ƙanwarmu Auta in ta yi tuntuɓe, sai ta ɗauki hoton dutsen ta ɗora a intanet kafin ta duba ƙafarta. Shayi bai taɓa shiga bakinta da zafi ba, yana nan yana hucewa ana neman inda haske ya fi kyau.

Ni kuwa ina da dalilina. Ranar da Baba ya rasu a asibiti, muna cikin mota za mu je mu gaya wa Mama, wani ɗan'uwa mai saurin hannu ya riga ya ɗora hoton Baba da addu'a a ƙasa. Mama na zaune ita kaɗai tana tsince shinkafa ta gani. Tun daga ranar, in waya ta yi ƙara sai ta dafe ƙirji kafin ta ɗauka. Shi ya sa na rantse wannan labarin mai daɗi ta ƙofa zai shigo mata, da ƙafafunsa.

Da safiyar ranar da Yaya zai iso na tarar da Auta a bakin gado tana ta danne-danne tana murmushi. Na leƙa. Ta rubuta, "Wani babban abu na tafe yau, ni dai ban ce komai ba."

"Ba ki ce komai ba? Kawo nan!"

"Anti, wallahi ban ambaci suna ba."

Na fizge wayar na goge, na jefa ta aljihu. Sannan na lallaɓa na ɗauke ta Mama daga kan teburi, na kashe ƙararta, na saka ta cikin babbar tukunyar da ke saman kabad, na rufe. Na ce wa Mama ba caji. Na shiga kicin ina rawa ni kaɗai, ina yanka albasa ina dariya, ina ganin na toshe ko'ina.

Can na ɗan duba tawa wayar. Me zan gani? Fiffiken jirgi, ga gajimare fari tas, a ƙasa an rubuta, "Sai gida." Waye ya ɗora? Yaya! Shi da ya sa mu rantsuwa!

Kafin in rufe baki Kawu ya kwaso hoton ya zuba a gurup ɗin dangi, ya bi shi da saƙon murya mai tsawon da za ka dafa ƙwai ka cinye bai gama gaisuwa ba. Masu tura furanni suka fara, masu tambayar tsaraba suka biyo. Sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda gidanta ke bayan layinmu: "Kai madalla! Mamanku ta sani kuwa? Bari in kira ta."

Na danna wa Yaya kira. Ya ɗauka, yana cikin tasi.

"Yaya, lafiyarka ƙalau?"

"Kwantar da hankalinki, na ɓoye wa Mama, ba za ta gani ba."

"Ka ɓoye wa Gwaggo?"

Sai na ji ya ce, "Direba, don Allah taka!"

A daidai nan tukunya ta fara kuka. Na kashe ƙara, na manta wayar tana girgiza, ga ta cikin ƙarfe tana garr garr kamar an tayar da injin niƙa. Mama ta ɗaga murya daga falo, "Mene ne wannan a kicin?"

Auta ta faɗo da gudu ta kunna bilenda ba komai a ciki. "Ni ce, Mama!" Ta kashe mini ido. Ranar na yarda yarinyar tana da amfani.

Amma Gwaggo ba ta san a ƙi ɗaga waya a bar ta haka ba. Ban jima ba na hango ta ta taga, ta taho da sauri, takalmi na fas fas, waya a sama kamar tuta. Na fita a guje na tare ta a bakin get.

"Matsa mini, 'yar nan, ina uwarku? Ni zan fara gaya mata!"

Na riƙe hannunta biyu. "Gwaggo, ranar Baba a waya ta ji, ita kaɗai. Ki bar mata wannan ta gani da idonta."

Gwaggo ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi wayar, idonta ya ciko. Ta sa mini ita a hannu da kanta. "Riƙe. In tana wajena ba zan iya ba."

Muka shiga falo. Gwaggo ta zauna ta tamke baki, kumatu sun kumbura da magana. Mama ta gaishe ta, ta amsa da kai. Matar da ba ta bari a kai ƙarshen sallama! Auta na tsaye jikin labule tana leƙen titi, ni ina goge teburin da na riga na goge. Mama ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga hannunta ya tafi ƙirji.

"Ina wayata?"

Na ci gaba da goge teburin.

"Kun ɓoye mini waya, Gwaggonku ta zo ta yi shiru." Ta dube ni. "Wa ya rasu? Kada ku ɓoye mini. Ɗana ne?"

Wayyo ni! Ina neman kare ta, ga shi na mayar da ita ranar nan da hannuna. Na durƙusa gabanta na buɗe baki zan faɗi komai, sai hon ya tashi a waje. Auta ta ƙwala ihu ta daka tsalle. Get ya buga, takalmi ya nufo, ƙofa ta buɗe.

"Mama."

Mama ta miƙe a hankali. Ba ta yi ihu ba. Ta je gabansa ta ɗora yatsu biyu a kumatunsa ta ɗan ware su, yadda take yi wa hotonsa in tana son ganin ko ya rame.

"Ka rame," ta ce. "A hoto ba haka kake ba."

Sai ta rungume shi, falo ya kaure. Gwaggo ta saki duk maganar da ta tara a lokaci guda, Auta na kuka tana dariya, ni ina dukan Yaya a kafaɗa ina cewa, "Fiffiken jirgi! Fiffiken jirgi, Yaya!"

Da aka ɗan lafa, Auta ta matso tana murza hannu. "Anti, wayata. Hoto ɗaya tak."

Na harare ta. Mama ta ce, "Ba ta. A kawo tawa ma, duk inda kuka kai ta."

Na hau kujera na sauko da tukunya. Mama ta miƙa wa Auta wayar, ɗaya hannun na riƙe da rigar Yaya kamar za a ƙwace mata shi.

"Shiga gurup ɗin nan ki rubuta musu da sunana. Ki ce ɗana ya dawo."

"Mama, ai duk sun sani."

"Su a waya suka gani. Rubuta, ki ce ni na taɓa shi."