Magajin Mai Gilashi

Tun da yanar ido ta sa Mai Gilashi ya rufe shagonsa, bai sake ɗora ma'auni a kan gilashi ba. Aiki na ƙarshe da ya haɗa da hannunsa shi ne tankin da ke falonsa, wanda ya cinye bango guda, daga bakin ƙofa har gindin taga. Kifi ɗaya ne tak a ciki, gurami, irin manyan nan. Ya sayo shi bai kai tafin hannu ba, yanzu kuwa ya fi tiren shayi faɗi, ga leɓe mai kauri kamar na wanda ya sha naushi, ga ƙullutu a goshi, ga wasu zare biyu dogaye a ƙirji da yake lalube da su. Tsohon ya raɗa masa suna Magaji.

Ɗa namiji ɗaya gare shi, Auta, don haka kowa a gidan ya san da wa ake.

Auta ya haura talatin. Ya koyi walda ya bari, ya ja babur ɗin haya ya bari, ya tsaya a shagon uban har ya iya yankan gilashi, sannan wata safiya ya bi motar kaya ya ɓace, sai da takalminsa ya cinye ya dawo. Ƙafarsa ƙaiƙayi take yi, shi ma ya sani. Amma tun da idon tsohon ya dushe, wannan karon ya zauna.

Kowace safiya Mai Gilashi zai lalubo kujerarsa, ya ɗaga murfin tankin, ya tsoma ganyen latas. Kifin zai taso a hankali, ya shaƙi iska a saman ruwa, ya karɓi ganyen daga yatsunsa.

"Yauwa, Magaji. Kai dai ba a nemanka a rasa. Auta, ka ga yadda ake zama wuri ɗaya?"

"Baba, ai shi ba shi da ƙafa."

"Da ma kai ma haka."

Aikin wahala kuwa duk na Auta ne. Shi ke sa tiyo ya zuƙe kashin da ya kwanta a tsakuwa. Shi ke rage ruwan, kaɗan kawai, ya ƙara da wanda ya kwana a duro har warin maganin famfo ya fice. Shi ke ciro soso biyun da ke cikin matatar ruwan, ya matse su a bokitin ruwan tankin, ba da sabulu ba, ba da ruwan famfo ba, ya mayar da su da dauɗarsu. Tsohon ya sha faɗa masa cewa a cikin wannan dauɗar akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da kifin ke fitarwa. "Ka wanke su tas, ka kashe shi," in ji shi. Auta ya haddace. Abu ɗaya ne ba a taɓa ba shi ba, ganyen. Ciyarwa ta mai gida ce. Ba wani abu yake nema ba, so yake wata rana tsohon ya miƙo masa ganyen nan ya ce karɓi, ba shi.

Da za a tafi yi wa tsohon aikin ido a wani asibiti mai nisa, Auta ya tabbata ranar ta zo. Mijin Yaya ne zai kai shi, su ɗan kwana biyu a can. Yaya kuwa, babbar 'yar gidan, mai shagon wanki da guga, ta dawo gidan da zama kafin su dawo. Auta na tsaye da jakar tsohon a hannu, tsohon ya ɗauki kwandon latas ya miƙa wa Yaya.

"Ganye safe da yamma. Ke za ki riƙa ba shi. Wancan kada ki bar shi da shi, yana iya sayar da shi ya hau mota."

Yaya ta yi dariya, mijinta ya yi dariya. Auta ma ya buɗe haƙora, ya kai jakar mota.

Yaya mace ce da ba ta ganin dauɗa ta wuce. Ta cire labulaye, ta kankare ƙasan kicin, ta wanke har fankar sama. Ana gobe za su dawo, ta tsaya gaban tankin, hannu a ƙugu. Gansakuka ta yi kore a gilashin baya, ruwan kuma kalar shayin da bai ji ganye ba.

"Kai Auta, haka Baba zai buɗe sabon ido ya ga wannan ƙazanta? Shekara nawa ba a wanke abin nan ba? Kai dai an yi malalaci. A wanke shi ko?"

Amsar tana bakinsa. Kalma ɗaya ce, a'a. Ya dubi kwandon latas da ke gefenta.

"Ke aka bar wa," ya ce.

Ta tafi ɗauko garin sabulu da burushi. Kafin ta dawo ya zare soso ɗaya daga matatar, ya jefa a bokiti, ya cika shi da ruwan tankin, ya cika wasu jarkoki, ya kai su bayan ɗakin ajiya ya rufe da buhu. Lissafinsa ba mai tsawo ba ne. Kifin zai galabaita, tsohon zai rikice, shi kuma zai fito da tsohon ruwa da soso ya tashe shi. Sai a ga wanda ya kamata a bar wa.

Shi ya kama kifin da tawul ya sa a bahon wanka. Yana da nauyi kamar jariri, bai ko yi wutsil-wutsil ba, ya san hannun. Yaya ta shiga aiki tana waƙa. Ta dirje gilashin, ta zuba tsakuwar a kwando ta sa mata sabulu, ta murje soson da ya rage har ya koma fari.

"Ba biyu ba ne abin nan?"

"Ɗayan ya rube, na yar."

Ta ɗauraye iya ƙoƙarinta, ta jawo tiyo daga famfo ta cika tankin fal. Ruwan ya fito garau, kamar babu komai a ciki. Da aka mayar da kifin ya yi wani zabura, ya bugi gilashi, ya koma lungu ya tsuke fikafikansa.

"Ka ga murna yake," in ji Yaya.

Washegari da hantsi motar ta tsaya. Tsohon ya shigo ba mai riƙe masa hannu, da baƙin tabarau a fuska, yana kallon bango da tabarma kamar baƙo. Bai zauna ba, bai sha ruwan da Yaya ta miƙo ba. Ya wuce gaban tankin ya cire tabarau.

Rabon da ya ga kifinsa sosai tun yana rabin haka. Abin da ya gani yanzu, Magaji ne a karkace kusa da saman ruwa, yana haki, jikinsa na saɓar wani farin yauƙi, gefen kumatunsa ja kamar an goga barkono. Tsohon ya tsoma yatsa ya shinshina.

"Wa ya taɓa ruwan nan?"

"Ni ce, Baba," in ji Yaya. "Na ce ka dawo ka gan shi fes."

"Fes." Ya ɗaga murfin matatar, ya ciro farin soson, ya juya shi. "Ke mai wanki. Shi ma guga ya rage ki yi masa."

Yaya ta fashe da kuka. Mijinta ya ce bari ya je ya gyara tsayuwar mota, ya fice. Nan Auta ya ga lokacinsa ya yi. Ya ruga bayan ɗakin ajiya, ya dawo da bokitin a hannu ɗaya, jarka a ɗayan, ruwa na zuba a ƙafarsa.

"Baba, ga tsohon ruwansa! Ga soso ɗaya ba a taɓa shi ba. Akwai wasu jarkokin. Mu sa shi a baho yanzu-yanzu, ni na san yadda zan yi."

Tsohon ya sunkuya ya dubi bokitin. Soson na nan baƙi ƙirin, da dauɗarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Yaushe ka ɗebi wannan?"

"Jiya."

"Kafin ta wanke, ko bayan ta wanke?"

Ba wata amsa sai ɗaya, tunda bayan wanki babu tsohon ruwa. Yaya ta daina kuka, ta ɗago.

"Ka ce mini ya rube," ta ce. "Na tambaye ka, Auta. Na ce a wanke? Kana tsaye ina dirza, har kana miƙo mini burushi."

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji tsohon, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya zauna a kujerarsa. "Ɗauko tawul. Fito da shi."

Auta ya ji sanyi a ransa. Ya naɗe hannun riga, ya tallabo kifin, ya juya wajen bahon.

"Ba can ba. Kicin. Ka ɗauki babbar wuƙar."

"Baba, zai iya tashi. Wallahi zai iya tashi. Dubi, yana numfashi."

"Na sani."

"To ka bar ni in..."

"In bar ka ka tashe shi, kullum in buɗe ido in gan shi yana yawo da ran da kai ka ba shi? Kai ka fara, kai za ka gama."

Yaya ta durƙusa ta ce Baba don Allah, laifinta ne, a yi haƙuri. Ko kallonta bai yi ba. Irin wannan kifin yana daɗewa a waje bai mutu ba, saboda iska yake shaƙa. Har Auta ya shimfiɗa shi a kan katako, leɓen nan mai kauri na buɗewa yana rufewa, zare ɗaya ya kwanta a wuyan hannunsa. Wuƙar ba ta da kaifi. Sai da ya danna da hannu biyu.

Daga falo tsohon ya ce a kankare, a wanke da kyau, a soya. Yaya ta ce ita hannunta ba zai taɓa ba, ta yafa mayafinta ta bi mijinta. Auta ya soya da kansa, mai na fallatsa masa a hannu. Ya jera a babban tire ya kawo ya ajiye gaban uban.

Tsohon ya tura tiren da ƙafa har ya taɓa gwiwar Auta.

"Ka daɗe kana son cin gado. Ga shi nan. Ci."

"Baba."

"Zauna ka ci."

Ya zauna a ƙasa. A bayansa injin tankin na ta hura kumfa a ruwan da ba kowa. Ya gutsiri tsoka ya kai baki. Naman fari ne, mai laushi, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yana da daɗi. Ya tauna, ya kasa haɗiyewa, ya tauna.

Tsohon ya matso da kujerarsa kusa, ya rufe idon da ba a yi wa aiki ba da tafin hannu, ya ƙura masa sabon. Ya bi fuskar daga goshi har haɓa, a hankali, kamar yadda yake duba gilashi ko da tsagewa.

"Ashe har ka yi furfura," ya ce. "Juya shi. Akwai nama a ɗaya gefen."