Haramin Malam Yahuza

"Karanta min sannu sannu, Gide. Banki ne suka aiko," in ji Malam Yahuza, yana miƙo waya ta saman dannin da ya raba gidajensu a Mabai.

Gide ya karɓa ba don ransa ya so ba. Tare aka yi musu kaciya, gona na kallon gona, amma masarar Yahuza ce ta yi albarka har ta tara masa kuɗin kujerar Makka. Tun bai taka jirgi ba mutane sun fara ce masa Alhaji, kuma duk faɗa ɗaya sai ta soki Gide a ƙahon zuci.

Saƙon imel ne, da tambarin banki. Wai za su rufe asusu in ba a shigar da lambobin sirri ba kafin azahar.

"Mi suka ce?"

Gide ya sha jin gargaɗi a rediyo cewa banki ba ya tambayar lambar sirri. Maganar ta zo masa har leɓe. Sai ya kalli murmushin maƙwabcinsa, ya haɗiye ta.

"Sun ce ka sa lambobinka. Ku ne manya, ai ku suka sani."

Yahuza ya yi dariya, ya sa. Kafin la'asar an yi wa asusun ƙarƙaf, kuɗin kujerar duk sun tafi. Ya je banki a Ƙanƙara, manaja ya ce ba su suka aiko ba. Bai zagi kowa ba, ya dai daina cin tuwo. Wata safiya ya faɗi a bakin rumbu, hawan jini ya yi nasa aikin.

A zaman makoki liman ya ce wanda ya yi niyya Allah ya rubuta masa hajjinsa. Jama'a suka amsa, "Allah ya jiƙan Alhaji Yahuza." Gide ya ji abin ya sake sukarsa, ga kunya a kai. Mutum na kabari, shi kuma yana kishinsa.

Bayan addu'ar bakwai, Fatsuma matar mamacin ta yi sallama daga bayan danni, ta miƙo wani ƙunshi.

"Malam, haramin da ya saya ne. Ya ce a ba ka, kai ne na gaba in Allah ya so."

Gide ya zauna a kan turmi da farin ƙyallen a cinya, ko ledar ba a ɓare ba. Kaji na tsattsagar ƙasa a gabansa.