Ƙyallen da Aka Kawo wa Baba

Mahaifina tela ne, amma tun da idonsa ya yi rauni ɗinki ya ja baya, har tukunya ta fara gagarar mu. Sai ya soma zuwa rabon abincin da cocinmu ke yi ranar Asabar. Ta ƙofar baya yake shiga, ya zuba shinkafa da man girki a jakar da yake kai wa mutane ɗinki, ya dawo yana gaisawa da maƙwabta kamar daga wajen masu kaya yake. Wannan rufin asirin shi kaɗai ya rage masa.

Ran nan ina shago, sai ga sakatariyar coci da ƙaton ƙyalle a naɗe.

"Baba Tela, a kalmashe mana bakinsa, za mu rataya a ƙofar coci."

Muka warware shi a kan tebur. Baba ne. Fuskarsa ta fi faranti girma, ya rungume ledar shinkafa, kai a sunkuye. Ashe an ɗauke shi hoto bai sani ba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Da izinin wa?"

"Haba ƙanwata, masu ba da taimakon ne ke son ganin fuskoki. Kuma wallahi Baba ya fi kowa fitowa da kyau."

"Saka taki mana! Duk telolin garin nan, sai shi za ki kawo wa? Ya ɗinka tonon asirinsa da hannunsa?"

Ta tsuke baki. "To, idan babu hoto, rabon ma tsayawa zai yi."

Na rarumi almakashi. Baba ya riƙe min hannu.

"Ajiye, 'yata. Shinkafar da kika ci jiya daga ina ta fito?"

Ya zauna, ya laluba ya zura zare, ya taka keke. Ina tsaye ina kallon fuskarsa tana wucewa kusa da allura, shi kuwa yana lallaɓa ta kada ta yamutse. Kalmasar ta fita sak, irin aikinsa. Wannan ma ya ƙara ƙona min rai.

Ƙyallen yana can a rataye, duk mai wucewa kasuwa sai ya gani. Baba kuwa ya mayar da kekensa ƙuryar ɗaki, inda babu taga. Ranar Asabar ni nake zuwa karɓo shinkafar, a jakarsa.