Tashar Bayan Filin Jirgi

Tun da janareta ya soma tari da safe, Pwajok ya san ba zai kai la'asar ba. Rabonsu da wuta tun makon jiya, batiran ɗakin kuwa sun daɗe da mutuwa.

Tun yana saurayi yake gadin ɗan ɗakin nan na kan tudu a bayan filin jirgi, da turken ƙarfensa mai aika sautin rediyo sama, wanda matuƙa ke bi su gane hanyar sauka in gajimare ya rufe duwatsu. Bai san yadda abin yake aiki ba. Abin da ya sani, muddin koriyar fitilar cikin ɗakin tana ci, jirgi na jin sautin turken.

Yau kuma 'yarsa Dina ce a jirgin Legas, ita da jaririnta. Shi ya hana ta biyo mota saboda 'yan fashi, ya matsa wa mijinta har ya yanka mata tikiti.

Ya kira Injiniya Jabir a oba-oba, rediyon hannun da suke magana da shi, ya ce tiyon man janareta ya tsage. Injiniya ya amsa da muryar wanda maganar ta ishe shi, cewa tun bara ya nemi sabo, aka ce ana shawarar rufe tashar, tunda jirage yanzu tauraron ɗan'adam suke bi.

"To Oga, in tauraron ya ɓace musu fa?"

"Shi ya sa aka bar ku, Baba Pwajok. Ku ne tayar ajiya ta cikin but ɗin mota. Wa ka taɓa gani yana duba iskarta?"

Bayan azahar ruwa ya sauko, gajimare ya kwanto har hanyar Bukuru ta ɓace. Janareta ya yi shaƙuwa ya mutu, fitila ta bi shi. Pwajok ya yanko roba daga tsohon tub ɗin tayar kekensa ya ɗaure tiyon. Ya tayar, robar ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Sai ya durƙusa ya damƙe wurin da hannunsa. Injin ya kama, fitila ta dawo.

Dizal na bin gwiwar hannunsa, ƙarfe na ƙona masa yatsu, wayarsa na ta kuka a aljihu. Ya san matarsa Roseline ce daga ɗakin jiran filin jirgi. Bai saki ba. Can ya ji jirgin a bisa kansa, bai gan shi ba. Ƙarar ta wuce, ta yi nisa, har ya soma addu'a da yarensu na Berom, abin da ya daɗe bai yi ba. Ta sake dawowa, ƙasa-ƙasa.

Da yamma Dina ta iso tudun da goyonta. Ta ce an ɗan girgiza su, amma yaron bai ko farka ba. Ta miƙo masa shi, sai ta ga hannun.

"Baba, me ya same ka?"

"Aiki ne. Riƙe shi tukuna, ina warin mai."

Ya kira Injiniya ya tambaya ko matuƙin ya ce wani abu game da tashar. Injiniya ya ce jirgin ya riga ya juya Legas, kuma ba tambayar da ake yi wa matuƙi ba ce.

Pwajok ya zauna a bakin ƙofa yana shafa man kaɗanya a yatsunsa. Ko tauraro ne ya sauko da su, ko hannunsa, bai sani ba. Ko za a kawo tiyon ma, ba wanda ya gaya masa.