Aron Tuƙa

A shekarar da damina ta yi wa Maijirgi ƙwalele, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, Zara'u matar Tanko ta shiga kaka da awaki tara. Kafin bazara ta kama, saura ɗaya. Zamanin soja ne, abin da ke riƙe da gari sai jar dawar taimako da manyan motoci ke saukewa, a yi layi a rana, soja na tsaye da bulala yana gyara sahu. Tanko ya tafi cin rani kudu, aka rufe iyaka yana can, ko saƙon gaisuwa ba ya isowa.

Akuyar da ta rage ja ce, jikanyar wadda uwar Zara'u ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Uwar ta daɗe da rasuwa, kuma ban da wannan iri na awaki babu abin da ta bar wa 'yarta. Akuyar ta haifi 'ya mace, ta shayar da ita sati uku tana daga ita sai fata da ƙashi, wata safiya ta kwanta gindin rumbu ba ta sake tashi ba. Zara'u ta ɗauki marainiyar ta rungume, ta sa mata suna Auta, ta rantse cewa irin uwarta ba zai ƙare a hannunta ba.

To, rantsuwa daban, iyawa daban. Duk garin babu akuya mai ɗigon nono, don haka Zara'u ta yi abin da ta sani: ta dama kunun jar dawa, ta riƙa ɗura wa Auta da ludayi kamar jariri. Kwana uku cikin Auta ya kumbura ya yi tauri, zawo ya kama ta, kuka ma sai ka kasa kunne kafin ka ji.

Akuya mai nono guda ɗaya ce a duk karkarar, tana wajen wasu Fulani da suka gangaro daga wajen Mayahi suka sauka ƙarƙashin gawo yamma da gari, shanunsu sun ƙare a hanya. Ga inda gizo ke saƙar: Zara'u mace ce mai baki. Ba ta da mugun ciki, amma in ta fara faɗa a bakin rijiya har jakuna kan daina shan ruwa su saurara. Satin da ya wuce ita ce ta tare matar Fulanin, Hamsatu, ta ce ruwan bai ishi mutane ba balle bisashen baƙi, ta kuma ƙara da wasu maganganun da ba sai an maimaita ba. Yanzu Zara'u ta yi ta kai da kawo a tsakar gida, kunya na cin ta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta saɓa Auta a kafaɗa ta nufi gindin gawo.

Hamsatu na zaune tana ɗinkin ƙwarya. Ta amsa sallama, ta dubi mai sallamar, ta gane ta sarai, ba ta ce uffan ba a kan rijiya. Ta karɓi Auta ta latsa cikin da yatsa.

"Yaya, mi kika ba ta?"

"Kunu," in ji Zara'u.

Hamsatu ta riƙe baki. "Kunu! Ku mutanen gari, kowa ɗan Adam ne wurinku. Zamna in gaya maki. Cikin akuya ɗaki huɗu ne. Ran da aka haihe ta guda ɗaya ke aiki, na nono. Babban, tumbi, yana nan ɗan mitsitsi yana kwana, yana jiran lokacinai da Allah ya rubuta mashi. Ke kin zo kin jibga ma mai kwana aiki, abin ya zamna ya ruɓe."

"To mi ke tashe shi?"

"Haki ke ƙwanƙwasa mashi ƙofa, kaɗan-kaɗan. Uwa kuma in tana lasar bakin ɗiyarta, tana ba ta abin tashi. Ba ki ga madara ba? In ba a ɗiga mata tsohon nono ba, ina za ta zama kindirmo? Wagga ba ta da uwa, sai mu aro mata."

Zara'u ba ta gane abin da za a aro ba sai da ta gani da idonta. Tsohuwar akuyar Hamsatu, wata fara mai karyayyen ƙaho, na kwance a inuwa tana tuƙa. Hamsatu ta durƙusa kusa da ita ta zuba wa wuyanta ido. Da ta ga curin ya taso daga ciki ya shige baki, sai ta cafke maƙogwaron da hannun hagu, ta zura yatsun dama ta gefen baki ta ciro shi, kore, da ɗumi, yana wari. Akuyar ba ta yafe ba, ta datse ta a yatsa har jini ya fito.

"Amai za ki ba ta?" in ji Zara'u, tana toshe hanci.

"Ke kin ba ta abin daɗi, ga inda ya kai ta."

Hamsatu ta dama tuƙar da ɗan ruwa a ƙoƙo ta ɗura wa Auta. Sannan ta riƙe ƙafar tsohuwar, ta sa Auta a hantsa ta tsotsa. Zara'u ta dubi hantsar, ba ta fi dunƙulen hannu ba, ta san abin da ke cikinta shi ne kalacin gidan nan gaba ɗaya.

Kwana goma sha biyu tana zuwa kowace safiya. A ba Auta nono, bayan kwana biyu a sake aro mata tuƙa, a ajiye mata ɗanyen ganyen gawo da 'ya'yansa da aka daka, ta riƙa ɗan tsinka tana wasa da shi. Zara'u kuwa takan zo da ƙwaryar kunu a ka, tana cewa kunun da bai karɓi akuya ba ai ya karɓi mutane. Hamsatu ta sha tana dariya, yatsanta a ɗaure da tsumma. Kumburi ya saɓe, zawo ya tsaya, sai dai tuƙa shiru. Kullum Hamsatu na cewa, "Sai ta yi tuƙa da kanta za ki ce kina da akuya."

Rana ta goma sha uku da hantsi, Zara'u na surfen dawar kunun da za ta kai, ta waiwaya ta ga Auta kwance gindin rumbu, daidai inda uwarta ta mutu. Ta matso, sai ta ga wani ɗan curi ya taso ta wuyan, muƙamuƙi ya fara juyawa a hankali, ido a lumshe, sai ka ce tsohuwar da ta samu goro. Zara'u ta rangaɗa guɗa. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba ta ruga gindin gawo da albishir, ta tarar da toka da duwatsun murhu uku. Sun tashi tun asuba, sun yi gabas neman haki. Ta tsaya nan ta yi kuka, don godiyar da ta tara a ciki ba ta samu mai karɓa ba.

Ruwa ya dawo, Tanko ma ya dawo. Auta ta girma ta haifi tagwaye, ta sake haihuwa. Duk Bafulatanin da ya ratsa Maijirgi sai Zara'u ta tambaye shi Hamsatu, ta kuma ja masa ruwa da guganta, har mata na yi mata tsiya wai ta zama sarauniyar ruga.

Shekara ta uku, ranar kasuwar Kanan-Bakashe, ta hango wata mace a bayan rumfar masu fura tana yi musu dakan gero. Ta rame, ta yi duhu, amma ga tabon cizo a yatsan da ke riƙe da taɓarya.

"Hamsatu! Ina farar tsohuwa?"

Hamsatu ta jingine taɓarya. "Ta mutu tun waccan bazara, Yaya. Ita da sauran duka. Ko igiya ban rage ba."

Zara'u ba ta saya ba, ba ta sayar ba. Ta kama hannunta suka hau amalanken jaki har Maijirgi. A tsakar gida awaki shida na kwance a inuwa, jajaye, kowace muƙamuƙinta na juyawa. Ta kwance Auta da ƙaramar 'yarta ta miƙa wa Hamsatu igiyar.

Hamsatu ta ja da baya. "A'a, Yaya. Irin uwarki ne hwa."

"Jikin na uwata ne, ga ɗiyanta nan sun ishe ni," in ji Zara'u. "Amma dibi bakinta. Abin da take tuƙawa na tsohuwarki ne. Aro muka yi, yau na maido."

Hamsatu ta durƙusa, ta ɗora tafinta a cikin Auta ta gefen hagu, inda tumbi ke motsi. Ta daɗe a haka tana saurare, sannan ta kira ta da sunan farar tsohuwa, ta karɓi igiyar.