Murjanin da Ya Koɗe

A unguwar Hausawa ta Gadarif, a ƙasar Sudan, aka fara raɗe-raɗin cewa murjani ba ya zama lafiya a wuyan mai hassada, koɗewa yake yi. Ba a kama suna ba, amma kowa ya san wuyan da ake nufi. Malama Ummusalama ce kaɗai take da murjanin da ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa toka, kuma ita ce take da ƙanwa, Zaituna, wadda nata yake ja zur kamar ɗanyen barkono.

Maƙwabciyarta Atine ce ta kawo mata maganar har gida, ta zauna ta sha mata kofi biyu na jabana, gahawar Sudan, kafin ta furta.

"Ni dai haka na ji an ce."

"Wa ya ce?"

"Mutane mana, Malama."

"Mutanen ba su da suna? Ko dutsen ne ya buɗe baki ya gaya musu?"

Atine ta gyara tobinta, lulluɓin matan ƙasar, ta ce ita ba ta son jan magana, amma tun zamanin kakanni an san haka.

Ummusalama ta yi shekaru tana karantar da 'yan mata a makarantar gwamnati kafin ta yi ritaya, kuma duk abin da aka fara shi da "an ce" sai ta juya shi ta ga bayansa. Da don kanta ne, da ta bar su su gaji su yi shiru. Amma akwai Hajo, jikarta da ta raina tun tana goye, wadda za a ɗaura wa aure bayan an gama yankan riɗi. Ranar jirtik, lokacin da ake zaunar da amarya a gado a ɗaura mata jan zare da duwatsun gidansu, murjanin kakarta ya kamata ya hau wuyanta. Sai ga yarinyar nan ta zo tana murza yatsu, ta kira ta da sunan da ake kiran kaka a Sudan.

"Habboba, da za ki yarda, da na ari na Goggo Zaituna."

"Nawa me ya yi?"

"Ba abin da ya yi. Ya dai tsufa."

"Rana ɗaya aka ba mu su."

Hajo ta sunkuyar da kai. Ta ji abin da ake faɗa, kuma ba ta son dangin miji su gan ta da dutsen da aka yi wa tambari.

Gaskiya ne rana ɗaya aka ba su. Innarsu, wadda ta taso daga Katsina da niyyar Makka tafiya ta tsaya mata a Gadarif, ta shimfiɗa igiya biyu na murjani a tabarma ta ce ƙarama ta fara zaɓa. Zaituna ta kai hannu ta cafe wanda ya fi ja, ko bismilla babu. Inna ta ɗauki wanda ya rage ta ɗaura wa babbar. Ummusalama ta yi godiya, amma abin bai taɓa fita daga ranta ba. Daga baya Zaituna ta auri Hamisu, wanda ya zo Gedambaliya da laujensa kaɗai yana yankan riɗi, yau ga shi da tarakta da gona a Simsim wadda ido ba ya ganin iyakarta. Ummusalama kuwa mijinta ya rasu ya bar ta da littattafai da ciwon gwiwa.

Ta yafa tobi ta tafi gidan Zaituna.

"Cire naki ki ba ni, ga nawa. Mu yi musaya har a gama riɗi."

"Yaya, lafiya?"

"An ce hassadata ke cin dutse. To ga wuyan, a ba shi sabon abinci mu gani."

Zaituna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wallahi Yaya, ke ko ciwon kai kika yi sai kin tambaye shi takardar shaida. Ungo. Amma in kika koɗar mini da shi, Hamisu za ki yi wa bayani."

Gwaji ba ya yin kyau in an yi masa rowa, don haka Ummusalama ba ta rage komai ba. Ta ɗaura jan murjanin ta saki zuciyarta ta yi yadda take so. In manyan motoci suka shigo daga Simsim da buhunan dawa, sai ta je ta zauna a ƙofar ɗakin Zaituna ta zuba ido. Ta kalli sabon firji da ke gurnani a zaure. Ta kalli awarwaron zinariya da ke kaɗawa in ƙanwarta tana miƙa shayi. Ta kalli 'ya'yan Zaituna maza suna sauke kaya suna kiran uwarsu da wasa, ta kalli yadda matar nan take tashi daga kujera tsam, ba ta dafa bango. Har dariyarta ta ji haushi, dariyar wadda tun tana yarinya ake barinta ta fara zaɓa. Ta koma gida kowace yamma zuciyarta na tafasa, ta tsaya gaban madubi. Murjani yana nan ja zur.

Ran Juma'a ta yi masa abin da ta saba yi wa nata. Matan unguwa da ruwan lemun tsami suke wanke azurfa da zinariya, ita ma da shi take jiƙa murjaninta duk mako tun ranar da ta lura na Zaituna ya fi shi haske. Nata in ya shiga kwano sai ƙananan kumfa su riƙa tasowa daga jikinsa, kamar idon kifi. Kowa ya san datti ne ke fita. Ta saka na Zaituna, ta jira. Ruwa ya kwanta lum, ko kumfa ɗaya.

"Ko datti ma ba ya kama kayanta," ta faɗa a fili, ta ja tsaki.

Amma mako ya zagayo, ta sha zufa a cikinsa, ta bi kasuwar hatsi da shi cikin ƙurar sussuka, ta sake jiƙawa, shiru. Ta cire shi ta ga datti kwance a gindin kwano. Ashe datti yana fita ba tare da kumfa ba. To kumfar nata na mene ne?

Tana zaune da kwanon a cinya ta tuna ajinta. Sau nawa ta ɗiga ruwan tsami a kan alli, 'yan mata suna leƙe suna ihu don ya yi kumfa? Da bakinta ta gaya musu ba datti ba ne, allin ne ke narkewa. Da bakinta ta gaya musu murjani a Bahar Maliya yake tsirowa, ɗan'uwan ɓawon ƙwai ne da katantanwa. Ta tashi ba ta ko dafa bango ba, ta samo ɓawon ƙwai ta jefa a kwanon. Kumfa ta taso, irin wadda ta sani. Ta sa tabarau ta fita rana da na Zaituna, ta juya ƙwaya ɗaya ɗaya. Kowace tana da siririn layi a gefe inda aka haɗa ta a maƙera, ɗaya ma har da 'yar iska a kulle a cikinta. Ta ƙwanƙwasa a haƙori, ta ji ƙarar kwalba.

Abin da ya fara zuwa mata daɗi ne, daɗi mai zafi har kunne. Sai da ta zauna sannan ɗayan ya iso: ashe da hannunta ta koɗar da nata.

Ranar dakan turaren amarya mata suka cika gidan Zaituna, ana daka sandal da ƙanumfari, hayaƙin itacen ƙamshi ya turnuƙe tsakar gida. Ummusalama ta shigo da kwano da lemo da ɓawon ƙwai a ƙulle a gefen tobi.

"Malama ta zo da makaranta," in ji Atine.

"Matso kusa, ke ce 'yar gaban aji. Zaituna, kawo nawa."

Zaituna ta ciro shi daga wuyanta. Ita ba ta taɓa wanke dutse ba, iyakarta ta goge da bakin mayafi in ta tuna. A wuyanta bai ƙara koɗewa ba, har ya ɗan yi maiƙo.

Ummusalama ta fara nuna musu jan, wanda ya kwana ya tashi a wuyanta duk tsawon kaka. "Na yi hassada iyakar ƙarfina, Allah ya gani. Ku duba, ya canza?"

"Hassadar wa, Yaya?"

"Taki mana. Akwai wata?"

Mata suka kwashe da dariya, Zaituna ta fi kowa. Sannan aka matsa lemo. Ɓawon ƙwai ya yi kumfa. Koɗaɗɗen murjani ya yi kumfa, ta yi maza ta tsame shi ta ɗauraye da ruwa. Jan ya shiga ya fito kamar bai san an yi ba. Ta yi musu bayani a taƙaice, yadda take yi wa 'yan aji.

Dariyar Zaituna ta tsaya. Ta karɓi nata ta juya shi a tafin hannu, ta daɗe tana kallo.

"Inna ta sani?"

"Ko da saninta ta saye shi, ko cutarta aka yi. Ban sani ba."

"Kuma ta bar ni na ɗauka." Ta ɗaga kai. "To ke Yaya, wa ya aike ki ki riƙa jiƙa naki duk Juma'a?"

"So nake ya yi ja kamar naki."

Ba wadda ta yi dariya wannan karon. Atine ta koma kan turminta.

Ummusalama ta shimfiɗa igiyoyin biyu a tabarma ta kira Hajo daga ɗaki. "Kin ji komai. Zaɓi."

Yarinyar ta durƙusa, hannunta da lalle. Ta taɓa na kakarta, ta shafa ƙwayoyin da suka yi kaushi suka rame har igiya tana wasa a cikinsu. Ta saci kallon Zaituna, ta saci kallon matan.

"Habboba, kada ki yi fushi. Mai hoto zai zo, kuma tobin ja ne."

Ta ɗauki jan.

Ranar jirtik Hajo ta zauna a gado da dutsen Zaituna a wuya, dangin miji suna ta yaba shi. Ummusalama tana gefe da nata a ƙarƙashin tobi. Na Zaituna gilashi ne. Na Ummusalama murjani ne na asali, kuma lemun tsami ne ya cinye shi.